Turancin da Na Koya da Ƙeya

Ranar da muka sauka daga motar albasa a ƙasar Gana, ni ne babba. Ina so a riƙe wannan tun yanzu saboda abin da zai biyo baya. Ni na san hanya, ni na yi ta magana da jandarmomi tun daga Konni har Gaya da ɗan Faransancin da na tsinta lokacin ina kabu-kabu tsakanin Illela da Konni, ni kuma na san yadda ake canjin kuɗin sefa ba a cuce ka ba. Lawali kuwa, ƙanin matata Hassi, ɗan Kalmalo ne wanda bai taɓa wuce Sakkwato ba, ban da jefa taru a ruwa ba abin da ya iya. Tun da tafkinsu ya soma ja da baya ya rasa abin yi, ya manne mini sai na tafi da shi haƙar zinari. Hassi ba ta hana ba. Tana ɗaure mana garin ƙuli a leda ta ce da ni abu ɗaya take so, yadda na ɗauke shi da ƙafafunsa haka zan maido mata shi. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai yana hannun manya.

A kan buhunan albasa muka yi tafiyar, muka tsallaka kogi zuwa Binin, muka ratsa Togo. Lawali ya yi ta amai, wai warin albasa ya yi masa yawa. Na ce kai da ka girma cikin ƙarnin kifi har kana da bakin raina warin wani? Ya yi dariya yana share baki. Haka muke da shi, abokin wasana ne, in ban tsokane shi ba ranar ba ta cika.

A wani zango, wato unguwar Hausawan can, muka fara yada zango, inda wani dillali mai hula ja ya karɓe mu da Hausa mai daɗi, ya kira mu ’yan uwa, ya karɓi takardunmu wai zai adana mana. Ba mu ƙara ganin takardun ba, shi ma ganinsa na ƙarshe ke nan bayan ya miƙa mu ga wani mai ramin zinari. Wata tsohuwa mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan nasu mai tsami da ake naɗewa a ganye, ita ta lura ba mu ci komai ba. Ba ta jin yarenmu, ba mu jin nata, ta tura mana ƙulli biyu da yaji, na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Har yau ina yi mata addu’a ban san sunanta ba.

Ramin yana cikin daji, laka har gwiwa, ruwan sama ba dare ba rana. Ba mu daɗe ba sojoji suka faɗo mana da tsakar rana. Mai rami da yaransa sun san ta inda ake gudu, mu baƙi muka ruga muka faɗa hannunsu kai tsaye. Aka kai mu kotu, alƙali ya yi magana, lauya ya yi magana, wani ya yi rubutu, ni dai ina kallon bakinsu. Sai da muka ga an buɗe mana ƙaton ƙyauren ƙarfe muka gane cewa gidan yari aka ce a ajiye mu har a sake zama.

Ba zan ɓata baki wajen kwatanta ɗakin ba. Mutum yana kwanciya a gefe ɗaya, in zai juya sai na kusa da shi ya yarda. Abin da ya fi cin raina shi ne na zama kurma kuma bebe. Gandirobobi Turanci suke yi da yaren ƙasar, Faransancina na bakin iyaka ko kallo bai ishi kowa ba. Akwai wani fursuna haifaffen zango, Alasan, shi ke yi wa duk mai jin Hausa tafinta, amma ba don Allah ba. Kana son ka ce cikinka na ciwo, rabin abincinka nasa ne. Kana son a tambaya maka ranar kotu, ka kawo sabulu. Kuma sai ka zuba masa bayani mai tsawo, ya juya ya faɗa wa gandiroba kalma biyu, a kore ku. Alasan yana ƙarƙashin wani ƙato da ake kira Buldoza, wanda shi da yaransa ke iko da famfo da layin abinci. Wanda suka ga dama ya sha ruwa da wuri, wanda ba su ga dama ba ya jira.

A can ƙarshen fili, kusa da katanga, akwai bishiyar mangwaro. Kullum bayan azahar wani dattijo yakan zauna a gindinta, tabarau ɗinsa a ɗaure da zare, mutane sun kewaye shi. Ticha ake ce masa. An ce shugaban makaranta ne a da, rikicin gona ya kawo shi, ya daɗe ƙwarai a ciki. Ko kalmar Hausa ɗaya bai sani ba. Yana koya wa baƙi Turanci kyauta, amma ba irin na makaranta ba, ba ruwansa da sunan tebur da kujera. A cewarsa, kamar yadda aka fassara mana daga baya, mutumin da ke cikin nan gida kalmomin gidan yake bukata, don da su ake ɗaure mutum, da su kuma ake kwance shi. Yadda yake koyarwa kamar wasan kwaikwayo ne. Zai tayar da mutum biyu, ya ba ɗaya kara, ya sa ya yi kamar ya soki ɗayan, wancan ya faɗi. Sai ya nuna na ƙasa ya faɗi sunansa da Turanci, ya nuna karan ya faɗi sunansa, ya nuna masu kallo ya faɗi nasu.

Ni na ja Lawali muka je, a rubuta wannan ma. Ranar farko Ticha ya nuna ni ya ce in maimaita wata kalma. Na buɗe baki na faɗa, wurin ya fashe da dariya, har wani yana dukan cinya. Aka zo kan Lawali, ya faɗe ta sumul kamar da ita aka yi masa huɗuba. Ticha ya miƙe ya dafa kafaɗarsa, ya jawo shi ya zaunar kusa da shi. Ni da na ɗauko yaron nan daga bakin tafki, ni za a yi wa dariya a gabansa? Na kakkaɓe wando na tashi, na ce da Lawali wannan shirme ne, ni ba yaro ba ne da zan zauna ana wasan ’yar tsana da ni.

Na koma jikin katanga, na juya musu baya, na kama saƙar soso da zaren buhun shinkafa, wanda nake musanyawa da ɗan gari ko gishiri. Can na mai da wurin zamana. Ban ce zan saurare su ba, amma kunne ba shi da murfi, kuma kamar da gayya, ajin nan kullum sai ƙara matsowa yake yi wajen katanga, wai suna bin inuwa.

Lawali kuwa abin ya shige shi. Ga shi da wata ɗabi’a da ke ƙona mini rai. Duk kalmar da Ticha ya faɗa, sai ya ɗaga murya ya ce a sake, a sake kuma, sannan ya kwarma ma’anarta da Hausa kamar mai shela a kasuwar Lahadi.

“Biktim! Au, wanda anka cuta ke nan. Witnes! Wanda yag gani da idonai. Wefon! Makami ke nan, ko cokali na in an wasa shi.”

Ina saƙa ina cizon leɓe. Na ce a raina ji ɗan banza, yana so duk duniya ta san ya iya. Haka na ji saspek, wanda ake tuhuma. Na ji sitab, suka da abu mai tsini, da asol, duka ko farmaki. Na ji tiret, wato a yi maka barazana, da gan, taron ’yan daba irin na Buldoza, da infoma, mai kai rahoto, kalmar da Ticha ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa ya ce duk wanda aka liƙa wa ita a gidan nan ya yi hankali da bayansa. Akwai kuma furotekshan, a raba ka da masu neman ranka a ajiye ka wani wuri. Ina jin kowace sau uku ko fiye, saboda iyayin Lawali. Sai na ƙudura a raina cewa sai na riƙe su duka, in fi shi, wata rana in buɗe baki a gaban Ticha in ga yadda fuskar ɗan Kalmalo za ta koma. A layin bayan gida nake bitarsu, a layin famfo, da kowane ƙulli na soso kalma ɗaya. Ban gaya wa kowa ba.

Ticha ya ɗauki Lawali kamar ɗan cikinsa, da bakinsa yake kiransa ɗansa. In ’yan cocinsu sun kawo masa ziyara, Lawali ne mai samun dafaffen ƙwai, shi ne mai samun man shafawa. Yakan kawo mini rabi, ina karɓa ina ci, amma ko a maƙogwaro ƙwan nan ɗaci yake yi mini. Na yi ƙyashi, ba zan sauya masa suna ba. Ga kewar gida tana cina, in na rufe ido ina ganin furar da Hassi ke dama mini da nonon Fulanin bayan gari, ina jin ƙarar babura a bakin iyaka, in buɗe ido in ga ƙaninta ana tafa masa. Wata rana ya dawo yana gaya mini sabuwar kalma, na ce ya rufe mini baki, Turancin ’yan kaso ne, ba wanda zai ba shi mata da shi a Kalmalo. Ya yi murmushi kawai ya ce to Yaya.

Ba a jima ba aka ɗauke shi aiki a ɗakin shan magani, yana yi wa baƙi tafinta, mutanen Nijar da na Burkina masu jin Hausa. Bai karɓar ko ƙwayar gishiri. Kasuwar Alasan ta mutu. Wata rana Alasan ya zo ya tsuguna kusa da ni a jikin katanga, ya fara da cewa surukin nan nawa ya cika rawar kai, ya raina ni, ya raina kowa, ya kamata a sauke masa girman kai. Gaskiya farkon maganar ta yi mini daɗi a kunne. Amma da na dubi idonsa sai na gane mugun abu yake nufi. Na ce da shi haushin Lawali nawa ne ni kaɗai, na gida ne, wani bare bai da rabo a ciki, ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi yana gyaɗa kai.

A tsakanin nan labari mai daɗi ya zo. An sake zama a kotu, aka ce mu da aka kama a rami za a tattara mu a mai da mu ƙasashenmu, ana jiran mota da takardu ne kawai. Lawali ne ya fassara mini, ya rungume ni. Na ji daɗi har na manta na ture shi.

Sai ga maganar Idi. Idi fursuna ne, mutumin Tawa ta Nijar, siriri, ba ya da hayaniya. Yaran Buldoza sun daɗe suna ƙwace masa abinci, ranar da ya hana suka tattake shi a bayan famfo. Aka kai shi shan magani, ma’aikacin ya tambayi abin da ya same shi. Da Alasan ne da ya ce santsi ya kwashe shi. Lawali kuwa ya juya maganar Idi tsaf, har da sunaye. Aka kulle biyu daga cikin yaran a ɗakin duhu.

Washegari ina layin ruwa, wasu biyu a gabana suna magana ƙasa-ƙasa, yarensu haɗe da Turanci. Ba su damu da ni ba, ai kowa ya san ni kurma ne. A cikin maganar na tsinci infoma, na tsinci wefon, na ji sunan Lawali. Ɗayansu ya duƙa a bayan famfo yana goga wani abu a jikin siminti. Na sami Lawali na ce ya bar aikin nan, ya daina fita layi shi kaɗai, ana shirya masa wani abu. Ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Girman kai ya hana ni faɗa, na ce ido gare ni. Ya ce in Allah ya yarda ba komai, saura kaɗan mu tafi gida.

Da rana tsaka abin ya faru, a layin abinci, kowa yana riƙe da kwanonsa. Ina baya kaɗan, Lawali da Idi suna gaba. Sai layin ya hautsine kamar da shiri, mutane suka yi musu zobe. Na hango Buldoza da kansa ya ɗaga guntun katako ya sauke wa Lawali a muƙamuƙi, na ji ƙarar har inda nake. Wani yaronsa mai tabo a wuya ya soka wa Idi wasasshen cokali a ciki, ya zare, ya duƙa ya cusa shi a hannun Lawali da ke kwance. Kafin in kutsa in isa, an busa usur, zoben ya watse, kowa ya koma layi da kwanonsa kamar ba a yi komai ba. Aka kwashi Idi zuwa asibitin gari ba ya motsi. Aka ɗauki Lawali jini na zuba ta bakinsa, da ankwa a hannu.

Kafin la’asar labari ya gama gidan. Alasan ya ba da shaida cewa baƙin biyu ne suka yi faɗa kan abinci, Lawali ya soki Idi, Idi ya buge shi kafin ya faɗi. Muƙamuƙin Lawali ya karye, an ɗaure shi, ko a’a ba ya iya cewa. Idi bai farfaɗo ba. Mutum fiye da ɗari sun gani, ba wanda ya ga komai. Wani ɗan Dosso ya raɗa mini cewa in maganar ta tsaya haka za a cire sunan Lawali daga masu tafiya, a sake gurfanar da shi kan yunƙurin kisa, in kuwa Idi ya cika, to sai dai wani ikon Allah. Na zauna a jikin katanga da soso a hannu, na kasa ƙulla ko zare ɗaya. Fuskar Hassi kawai nake gani tana tambayata ina ƙaninta.

Da aka zo ƙidayar yamma, muna tsugune layi-layi, babban gandiroba yana wucewa da sandarsa a hammata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe baki da iyakar ƙarfina na ce, “Witnes!”

Babban gandiroban ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, na bugi ƙirjina na sake faɗa. Ina jin idon Buldoza a ƙeyata. Aka tasa ni zuwa ofis, aka aika a kira Alasan. Da ya shigo na nuna shi na girgiza kai, na ce gan, na haɗa yatsuna biyu na ce Buldoza. Ogan ya dube shi, ya dube ni, ya ce ya fita.

To, Turancina ba shi da gaɓoɓi, kalmomi ne tsirara. Sai na yi yadda Ticha ke yi. Na ɗauki rula a kan tebur na zama Buldoza, na sauke ta a muƙamuƙina na ce asol, na kwanta a ƙasa na ce Lawali, biktim. Na tashi na ɗauki biro na zama mai tabo a wuya, na ce sitab, na ce Idi, biktim. Na cusa biron a hannun wani gandiroba da ke tsaye, na naɗe yatsunsa a kai, na ce Lawali no saspek. Na faɗi tiret, na faɗi infoma, na nuna wajen famfo na yi alamar goga abu a siminti na ce wefon. Gumi ya jiƙe ni sharkaf. Wani ƙaramin gandiroba ya fara dariya, ogan ya daka masa tsawa. Ya sa na maimaita tun daga farko, wani yana rubutawa. Da na gama na tuna da wadda ta rage, na nuna kaina, na nuna wajen da Lawali yake, na ce furotekshan.

Suka je bayan famfo suka tarar da gurbin da aka goge a siminti, suka birkice ɗakin su Buldoza suka fito da wasu cokulan da aka wasa. Ni kuma aka mai da ni wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin shan magani, inda nake jin nishin Lawali ta bango. Bayan wasu kwanaki Allah ya farfaɗo da Idi, ya faɗi abin da na faɗa. Aka cire wa Lawali ankwa. Su Buldoza aka kwashe su zuwa wani gidan, Alasan ya koma ba mai ko amsa sallamarsa.

Ticha ya nemi izini ya zo ganina. Na gyara zama, na ce yau ranata ce, yau zai dafa tawa kafaɗar. Ya riƙe hannuna ya girgiza, ya yi wata doguwar magana da ban gane ba, sannan ya tambayi jikin ɗansa. Ya zaro dafaffen ƙwai daga aljihu ya sa mini a tafi, ya nuna bango, wai in kai wa Lawali. Na bi ƙwan nan da kallo. Ni na tsaya gaban oga, ni na sa wuyana, amma ƙwai na ɗan Kalmalo ne. Na kai masa. Ba ya iya tauna, sai na murmushe shi cikin koko na riƙa ɗura masa da cokali ta gefen baki, ina ce masa ya sha, ɗan gatan Ticha. Yana so ya yi dariya, zafi ya hana shi, hawaye suka zubo.

Aka sa mu a mota aka kai mu bakin iyaka, daga nan muka yi ta haɗa hanya, wata motar ta ɗauke mu don Allah, wata mu yi dako a biya mana. Duk inda aka tsaya ni ke nemo masa abu mai ruwa-ruwa. Da muka shigo Illela ta Konni, tsofaffin abokan kabu-kabu suka gane ni, suka ɗauke mu har ƙofar gida ba su karɓi komai ba. Hassi ta fito da gudu, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta kama fuskar ƙaninta tana shafa inda ya karkace. Bakinsa bai koma daidai ba har yau, magana tana fita a hankali, ta gefe ɗaya. Sai da ta gama kukanta ta juyo ta ce sannu da hanya, ka cika alkawari. Na ce da ƙafafunsa kika ce, ba ki ambaci baki ba.

Kwana biyu gidan ya cika da ’yan barka, daga Kalmalo, daga Amarawa, har da waɗanda ban sani ba. Tun da bakin Lawali ba ya sauri, ni ke ba da labari, kuma ina ba da shi yadda ya kamata. Wata ranar da hantsi muna zaune a zaure, an kawo tuwo da miyar kifi daga gidan su Lawali, na kai wurin da nake so, ina gaya wa mutane yadda na koyi Turancin gidan yari ba malami, ba aji, na juya baya ina saƙar soso, da kunne kawai, abin da wasu sai da aka zaunar da su aka yi ta ba su ƙwai. Aka yi ta mamaki, wani tsoho ya ce kai Haliru akwai kai. Hassi tana bakin ƙofa tana saurare.

Lawali ya ajiye cokali. Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa kafin ta fito.

“Yaya, cikin ajin nan, wa ka jin Hausa in ba ni ba?”

Na ce ba kowa a lokacin, sai daga baya.

“To wa nike ta kwarma ma fassara? Ni da nig gane tun karon farko, mi za ni yi da a sake?”

Lawali ya ci gaba. Ya ce tun ranar da na tashi cikin fushi ya san ba zan dawo ba ko za a yanka ni, shi ya roƙi Ticha a riƙa matsawa wajen katanga. Ya ce ta gefe yana hango leɓena yana motsi in ina saƙa, in ya ga na kama kalma sai ya bari a wuce gaba, in ya ga ban kama ba sai ya ce a sake. Ya ce tsoronsa kada wani abu ya same shi a bar ni a gidan nan ba baki.

Hassi ta sa gefen zane ta rufe fuska, ban sani ba dariya take ko kuka. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Abu ɗaya da nake taƙama na fi shi da shi, ashe shi ya ɗura mini, yadda na ɗura masa koko. Har wajen kula da mutum ma ɗan banzan nan ya riga ni, kuma na ji ƙyashin wannan fiye da na ƙwai.

Na ce da shi, “Shi ya sa ashe muryarka ta cika mini kunne, mai ƙarnin kifi.”

Ya ce, “Biktim,” yana nuna ni da cokali, bakin a karkace.

Na jawo kwanon gabana, na ci gaba da cire masa ƙayar kifin ina marmasa naman ƙanana yadda zai iya haɗiyewa, na tura masa.